Guntun Gatarinka Ya Fi Sari Ka Ba Ni: Kwashe Zanen Intanet Zuwa Uwar Garkenka

(Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiya)

 

Kwamitin shirya taro ya umarce ni da in yi magana a kan wani abu daga sana'ata ta kwamfuta, aka kuma ja mini kunne da cewa kada in zaɓo abin da zai sa dattawa gyangyaɗi. Don haka na zaɓi magana a kan mallaka, wato yadda mutum zai ɗauke aikin zanen da ya yi a dandalin wasu a intanet, ya mayar da shi wurin da shi ke riƙe da mabuɗi. Da yawa daga cikinmu malamai ne yanzu, wasu shugabannin makarantu, wasu kuma 'ya'yansu da jikokinsu ne ke irin wannan aiki a ɗaka. Ke nan maganar ta shafi kowa a zauren nan.

Bari in fara da bayyana irin zanen da nake nufi. Shi ne zane mai motsi wanda ke amsa hannun mai kallo. A ce malamin kimiyya yana son ya nuna wa ɗalibai yadda jifa ke tafiya. A allo da alli zai zana layi ɗaya mai lanƙwasa, shi ke nan. A kwamfuta kuwa zai iya yin zanen da yaro zai ja wani maɓalli da yatsa ya sauya kusurwar jifan, dutse ya tashi ya faɗi a gabansa. Da kansa zai gano cewa, in aka ajiye batun iska a gefe, jifan da aka yi a kan digiri 45 ya fi kowane nisa, kuma na digiri 30 da na digiri 60 wuri ɗaya suke faɗuwa. Gani ya kori ji. Wannan misali na jifa shi zan riƙe har ƙarshen jawabina.

Akwai kayan aiki da dama na yin irin wannan zane. Akwai Scratch, wanda jami'ar MIT ta Amurka ta fitar a 2007 domin yara. Akwai three.js, wanda Ricardo Cabello ya fara a 2010 domin zane mai tsawo da faɗi da zurfi. Akwai kuma p5.js, wanda Lauren McCarthy ta assasa a kan tubalin Processing, manhajar da Casey Reas da Ben Fry suka fara a 2001. Shi p5.js yana da dandalinsa na kyauta inda mutum zai buɗe burauza ya rubuta umarni a hagu, zane ya bayyana a dama, ba tare da ya girka komai a kwamfutarsa ba. Da shi zan yi misali, domin malamai da ɗalibai na amfani da shi ƙwarai.

To, me zai sa mutum ya bar wurin da ake ba shi kyauta? Amsar tana cikin tarihi. A 2009 kamfanin Yahoo ya rufe GeoCities, inda miliyoyin mutane suka gina shafukansu na farko, kuma wanda bai kwashe kayansa ba sai abin da masu adana tarihi suka tsinto masa. Manhajar Flash ta kamfanin Adobe ita ce sarauniyar zane mai motsi a intanet shekara da shekaru. A 2017 kamfanin ya ba da sanarwar zai daina kula da ita, a ranar 31 ga Disamba 2020 kuma wa'adin ya cika, wasanni da darussa masu yawa suka daina buɗuwa a burauza. Na baya-bayan nan shi ne dandalin Glitch, inda masu koyo da yawa suka ajiye ayyukansu, wanda ya daina ɗaukar nauyin shafukan mutane a watan Yuli 2025. Mai gida ne ya ce yana bukatar ɗakinsa, kuma haƙƙinsa ne. Iyayenmu sun riga sun faɗa mana, zanen aro ba ya rufe katara.

Wurin da za ka koma shi ake kira uwar garke. Kwamfuta ce kawai wadda ba a kashe ta, tana jiran burauzar wani ta roƙi fayil, ta miƙa mata. Uwar garke ta farko ta yanar gizo ma kwamfutar ofis ce ta Tim Berners-Lee a cibiyar bincike ta CERN da ke kusa da Janeba, a 1990. Abin daɗi shi ne zanen jifanmu ba ya bukatar uwar garke mai ƙarfi, saboda duk lissafin a wayar mai kallo ko kwamfutarsa ake yin sa. Aikin uwar garke miƙa fayil ne kurum. Ke nan haya mafi arha a wajen kamfanonin da ke ba da wurin ajiye shafuka ta ishe ka.

Mataki na farko shi ne sauke aikin. A dandalin p5.js, cikin jerin umarnin fayil akwai na saukewa, wanda zai ba ka ƙunshi guda na zip. In ka kwance shi za ka tarar da index.html, wato ƙofar gida, fayil ɗin da burauza ke fara buɗewa. Za ka tarar da sketch.js, inda umarnin zanenka yake. Za ka tarar da style.css, mai kula da tsarin shafi. Sai kuma hotuna da sauti da duk abin da ka ɗora da hannunka. A nan nake roƙon kowa ya tuna binciken akwati da ake yi mana ranar komawa makaranta, firifet na tsaye da takarda yana kiran kaya ɗaya bayan ɗaya. Haka za ka yi wa wannan ƙunshi. Kowane hoto da kowane sauti da umarninka ya ambaci sunansa, ka tabbata ka gan shi da idonka a cikin jaka.

Mataki na biyu shi ne raba aikin da kayan aro. Buɗe index.html da manhajar rubutu ka duba layukan da ke kiran p5.js. Idan adireshin da ke layin ya fara da https kuma yana nuni ga rumbun wasu a waje, to har yanzu ƙafarka ɗaya tana gidan aro. Ranar da wancan rumbu ya sami matsala, ko ɗalibai suka buɗe aikin inda babu intanet, farin shafi kawai za su gani. Maganinsa shi ne ka sauko da fayil ɗin p5.js ka ajiye shi cikin jakarka, ka gyara layin ya nuna can. Ka ɗauki wanda sunansa ke da min a tsakiya, wato wanda aka matse, domin nauyinsa kusan megabait ɗaya ne, cikakken kuwa ya ninka haka, kuma datar ɗalibi ce za ta biya bambancin.

Har ila yau, ka riƙe lambar fitowar da ka yi aikinka da ita, kada ka ce sabuwa ta fi. A 2025 aka fitar da p5.js 2.0, aka sauya yadda ake jiran hotuna da sauti su gama shigowa kafin zane ya fara. Aikin da aka rubuta a kan tsohon tsari yana iya tsayawa cik idan aka haɗa shi da sabon kundi ba tare da gyara ba. Wanda ya ajiye nasa kwafin a jakarsa, wannan sauyi bai taɓa shi ba.

Mataki na uku shi ne gwaji a gida, kuma a nan mutane da yawa ke karaya. Mutum zai danna index.html sau biyu, shafi ya buɗe, amma hoton dutse ya ƙi fitowa, sai ya ɗauka aikin ya lalace. Lafiyarsa ƙalau. Burauza ce ke da dokar tsaro wadda ke hana shafin da aka buɗe kai tsaye daga faifai karanta wasu fayilolin da ke kusa da shi, don kada mugun shafi ya riƙa yi wa mutane bincike a kwamfuta. Abin yi shi ne ka mayar da kwamfutarka ƙaramar uwar garke ta ɗan lokaci. In akwai Python a kanta, ka shiga jakar aikin ta tagar rubuta umarni ka rubuta python -m http.server 8000, a wasu kwamfutocin python3, sa'an nan ka buɗe localhost:8000 a burauza. Abin da ka gani a nan shi ne kusan abin da duniya za ta gani. In wani abu ya ƙi, danna F12 domin buɗe tagar masu gyara. Jan rubutu zai gaya maka sunan fayil ɗin da aka nema aka rasa, tare da lamba 404, wadda ma'anarta ita ce an je ba a samu ba.

Mataki na huɗu shi ne sunayen fayiloli. Akasarin uwayen garke suna aiki ne da Linux, shi kuwa yana bambanta babban baƙi da ƙarami. A wurinsa Dutse.png daban, dutse.png daban. Windows ba ta damu da wannan ba, shi ya sa aiki zai yi kyau a gida ya ƙi a waje. Shawarata ita ce a rubuta sunan kowane fayil da ƙananan baƙaƙe, babu tazara, kuma a nan kaɗai zan ce a bar baƙaƙenmu masu lanƙwasa a gefe, a rubuta kasa.png ko da ƙasa ake nufi. Haka kuma a lura da karan da ke farkon adireshi. In ka rubuta /hotuna/dutse.png da kara a gaba, burauza za ta je can ƙofar gidan gaba ɗaya ta nema. In aikinka yana cikin wani ɗaki ne a gidan, misali jakar kimiyya, ba za ta same shi ba. Cire karan, ka rubuta hotuna/dutse.png, sai ta nema daga inda aikin yake, duk inda ka kai shi.

Mataki na biyar ya shafi harshenmu, kuma ina roƙon malamanmu na Hausa su saurara da kyau, don sun sha jan layi da jan biro a ƙarƙashin kowace ƙ da muka bari ba lanƙwasa. Idan bayanin zanenka da Hausa ka rubuta, abu biyu ne za su tsare maka ɓ da ɗ da ƙ, da kuma ƴ ta rubutun 'yan'uwanmu na Nijar. Na ɗaya, a saman index.html a sami layin da ke shaida wa burauza cewa tsarin rubutun UTF-8 ne, in ba haka ba baƙaƙen na iya rikiɗewa su zama tarkace. Na biyu, salon rubutun da ka zaɓa ya kasance yana da waɗannan baƙaƙe a cikinsa. Idan zanen naka mai zurfi ne, wato yana amfani da WebGL, fasahar da ƙungiyar Khronos ta fitar a 2011, p5.js ba zai rubuta komai ba sai ka ba shi fayil ɗin salon rubutu da kanka, kuma baƙin da babu shi a fayil ɗin ba zai fito daidai ba. Noto Sans na Google da Andika na ƙungiyar SIL suna da baƙaƙenmu, kuma lasisinsu ya yarda ka ajiye su a uwar garkenka kyauta. Abin kunya ne ɗalibi ya karanta kasa inda malami ya rubuta ƙasa.

Mataki na shida shi ne ɗorawa. Kamfanin da ka kama haya wurinsa zai ba ka suna da kalmar sirri. Da manhaja irin FileZilla za ka haɗa kwamfutarka da uwar garken, ka zaɓi hanyar SFTP, wadda ke ɓoye kalmar sirrinka a kan hanya, saɓanin tsohuwar FTP da ke aika ta a fili. Jakar da duniya ke gani galibi sunanta public_html a wuraren haya, ko /var/www/html idan kai ka girka Apache da kanka a kan Ubuntu ko Debian. Zuba kayan jakarka a ciki yadda index.html zai kasance a sama. Daga nan sai adireshi. Sunayen da ke ƙarewa da .ng hukumar NiRA ce ke kula da su a Nijeriya, ta hannun dillalan da ta amince da su, na Nijar kuma suna ƙarewa da .ne. Shi wannan suna haya ne na shekara-shekara. Wanda ya bari wa'adi ya wuce bai sabunta ba, wani na iya saye, ɗalibai su buɗe adireshin darasi su tarar da tallar caca.

Sai takardar shaidar tsaro, wadda ke sa adireshi ya fara da https. A da kuɗi ake biya a same ta. Daga 2015 zuwa yau Let's Encrypt na bayar da ita kyauta, sai dai wa'adinta bai wuce wata uku ba, don haka ake saita uwar garke ta riƙa sabunta ta da kanta. Kada a ɗauki wannan takarda a matsayin ado. Idan zanenka yana amfani da kyamara ko makirufo, burauza ba za ta ba shi izni ba sai a shafi mai https. Bugu da ƙari, shafi mai https ba zai yarda ya jawo umarni daga adireshi mai http ba, toshe shi zai yi.

Mataki na ƙarshe shi ne gwaji da waya, kuma ba wayarka mai tsada ba. Nemi irin wayar da ɗaliban za su riƙe, ka kashe waifai ka buɗe da data. A waya babu linzamin kwamfuta, sai yatsa, don haka maɓallin da za a ja ya zama babba. Faɗin zane ya bi faɗin fuskar waya, kada rabin jifan ya faɗa wajen gilashi. Hoton da aka ɗauka da kyamara mai nauyin megabait da yawa a rage shi kafin a ɗora. Sauti kuma ba zai fara da kansa ba, domin burauzoji na yanzu suna hana shi har sai mai kallo ya taɓa shafin, saboda haka a sa maɓallin farawa. In ka gyara wani abu ka sake ɗorawa amma ka ga tsohon ne ke fitowa, burauza ce ta ajiye tsohon kwafi, a share ajiyarta a sake buɗewa.

Ga waɗanda ke aiki da wasu kayan, hanyar ɗaya ce da ɗan bambanci. Aikin Scratch yana sauka ne a fayil mai ƙarewa da sb3, wanda burauza ba ta buɗe shi kai tsaye, amma TurboWarp Packager yana mayar da shi shafin HTML da za ka ɗora ko'ina. Masu Unity da Godot kuma aikinsu yana fitowa da fayil mai ƙarewa da wasm, kuma ana so uwar garke ta gabatar da shi da laƙabin application/wasm. Idan Unity ta matse fayilolin da gzip ko Brotli, dole uwar garke ta shaida wa burauza haka, in ba haka ba aikin yakan tsaya a wurin lodi.

Yanzu bari in faɗi nauyin da ke tattare da mallaka, don kada in sayar muku da doki in ɓoye cewa yana cin dawa. Abin da dandali ke yi maka a da, yanzu kai za ka yi: biyan haya, sabunta suna, da ajiyar kwafi. Akwai abubuwan da ba sa biyo ka, kamar adadin waɗanda suka kalli aikin da duk abin da aka ajiye a rumbun dandalin. Akwai kuma abin da bai kamata ya biyo ka ba, wato kowace kalmar sirri ko mabuɗin wata hidima da ka rubuta cikin sketch.js, domin duk wanda ya buɗe shafin yana iya karanta wannan fayil. Haka nan hoto ko sautin da ka ɗauko na wani, ka tabbata lasisinsa ya yarda, tunda yanzu sunanka ne a ƙofar gida.

Game da ajiya, ƙa'idar masu sana'armu ita ce kwafi uku, a kan na'ura iri biyu, ɗaya a wani gida daban. Uwar garke ba ma'ajiya ba ce, faifanta na iya mutuwa kamar na kowace kwamfuta. Idan kuma aikin na makaranta ne ko na ofis, kada a yi rajistar suna da hayar da adireshin imel na mutum ɗaya. Ana canja wa ma'aikaci wurin aiki, ana yin ritaya, ana rashin lafiya. Mutum biyu aƙalla su san kalmar sirri, a kuma rubuta ranar sabuntawa a littafin ofis tare da ranar biyan kuɗin wuta da ruwa.

Kafin in zauna, ga albishir ga shugabannin makarantun da intanet bai wadace su ba. Uwar garke ba dole ta kasance a Turai ko Legas ba. Tsohuwar kwamfuta a ofishin malamai, ko 'yar ƙaramar Raspberry Pi mai girman tafin hannu wadda aka fara sayarwa a 2012, in aka haɗa ta da na'urar waifai, za ta miƙa zanen jifan ga kowace waya ko kwamfuta da ke cikin aji ba tare da an sayi data ko ta kwabo ba. Ƙaramin batir da faifan sola sun ishe ta. Sharaɗin kawai shi ne wanda na faɗa a mataki na biyu, kowane fayil ya kasance cikin jakar, babu wanda ake arowa daga waje. Aikin da ya cika wannan sharaɗi zai buɗe a birni, ya buɗe a ƙauye, kuma ba ya jiran iznin kowa.

Roƙona ga kowa shi ne, wanda ke da irin wannan aiki a wani dandali, ko ɗansa ke da shi, ya sauke ƙunshin a cikin makon nan, ya kwance, ya gwada shi a kwamfutarsa kamar yadda na bayyana. Batun haya da suna yana iya jira zuwa lokacin da hali ya samu, amma kwafin farko kada ya jira. Wanda ya maƙale a wani mataki ya tare ni bayan an tashi, ina nan har a gama cin abinci.